Karatun share fage a Ingila ba kujerar jami'a ba ce

Akwai wani fayil da aka rufe a sashen karatun share fage na ɗaliban ƙasashen waje da nake kula da shi, wanda har yanzu takaicinsa bai sake ni ba. Yaro ne ɗan shekara 17 daga arewacin Najeriya, sakamakonsa na WAEC babu abin kushewa. Mahaifinsa ya bi ta hannun wani dillalin makarantu, wanda ya tabbatar masa cewa shekara ɗaya kawai yaron zai yi ya zarce karatun likita. Aka biya kafin alƙalami, takarda ta fito, aka yi ta zuwa taya murna. Abin da babu wanda ya zauna ya karanta shi ne shafin da ya lissafa digirorin da wannan kwas ke kaiwa gare su. Akwai kimiyyar halittu, akwai nazarin magunguna, amma likitanci ba ya ciki, kuma bai taɓa kasancewa ba. Dillalin ya ƙara da cewa Turancin WAEC ya wadatar, alhali kwas ɗin ƙasa yake da matakin digiri, saboda haka sai da jarrabawar Turanci ta IELTS irin wadda hukumar biza ta UKVI ta yarda da ita. Kafin a gano haka, a rubuta jarrabawar, a samu takardar CAS da makaranta ke bayarwa don neman biza, a buga biza, Oktoba ta kusa ƙarewa. Ranar 15 ga Oktoba UCAS, wadda ake neman gurbin jami'a ta hannunta, ke rufe karɓar masu neman likitanci, ita kuwa jarrabawar UCAT ta masu neman likitanci tun daga Yuli zuwa Satumba ake zana ta. Wato ko da kwas ɗin na kaiwa likitanci, damar wannan shekarar ta wuce tun jirginsa bai tashi ba.

Cikin makonsa na farko yaron ya fahimci gaskiya, amma ya kasa faɗa. Yaya zai faɗa, alhali duk wanda ya kira shi daga gida sai ya ce masa "Likita, yaya sanyi?" Sai ga kashi na biyu na kuɗin makaranta ya taso, abin da aka tanada bai kai ba. Wani abokin zama ya nuna masa aikin dare a ɗakin girkin wani gidan abinci, ya shiga yi fiye da awa 10 da bizarsa ta yarje masa a mako. Darussan safe suka fara wuce shi. Dokar a nan ba ta da lanƙwasa: ɗalibin da ke ƙasa da matakin digiri dole ya zauna aji aƙalla awa 15 a mako, idan halartarsa ta gaza kashi 85 cikin 100 a wata sai a bincika, idan ta faɗi ƙasa da kashi 70 wata uku a jere sai makaranta ta janye ɗaukar nauyinsa, in ba da wani uzuri mai ƙarfi ba. An rubuta wa iyaye wasiƙun gargaɗi, ɗaya bayan ɗaya. Duk sun tafi adireshin imel ɗin da ke cikin fom a gurbin uba, wanda ashe na ofishin dillalin ne. Ba a taɓa amsa ko guda ba. Uban bai ji labari ba sai da aka rage wa yaron biza zuwa kwana 60, kuma tambayarsa ta farko ita ce nawa za a ƙara a gyara. Babu abin da za a ƙara.

Karatun share fage jarrabawa ce mai tsawon shekara guda, ba kujera ba ce da aka saya. Takardar da aka turo muku mai sharaɗi ce. Dillali ba jami'a ba ne. Abin da ba a rubuce yake ba, babu shi.

An ƙirƙiro wannan shekarar share fage ne saboda ɗan Ingila yana kai shekara 13 a makaranta kafin jami'a, mai WAEC ko NECO kuwa 12. Giɓin na gaske ne, kuma ko a gida an san shi, shi ya sa ake da IJMB da JUPEB. Babu uban da zai ɗauka cewa biyan kuɗin IJMB ya mayar da ɗansa ɗan aji biyu a Zariya. To me ya sa da an ce Ingila sai hankali ya gushe? Amsar tana wajen wanda ke bayanin. Dillali kamashonsa yana fitowa ne idan yaro ya yi rajista, ba idan ya kammala digiri ba. Wanda abincinsa ke bakin ƙofar shiga ba shi da dalilin yi muku dogon bayani kan ƙofar fita. Ba duka ne maƙaryata ba, amma masu buɗe shago da kwamfuta ɗaya da hoton agogon Landan a bango, suna alkawarin likitanci kamar ana sayar da katin waya, waɗannan ba su san abin da suke sayarwa ba, ko kuma sun sani sun ɓoye. A Ingila gurabun likitanci na 'yan ƙasashen waje an taƙaita su a kashi 7.5 cikin 100, duniya kakaf ke rububinsu. Wanda ya ce muku "tabbas ne" ku tashi ku bar masa ofishinsa.

Wani zai ce ai jaridar Sunday Times ta fallasa a Janairun 2024 cewa waɗannan kwasa-kwasai ƙofar baya ce, mai kuɗi na shiga manyan jami'o'i da maki kaɗan. Rahoton ya tayar da ƙura, har ƙungiyar jami'o'in Birtaniya ta sa hukumar QAA mai duba ingancin karatu ta bincika. Abin da hukumar ta fitar a 2024 shi ne sharuɗɗan shiga galibi sun yi daidai da na irin waɗannan kwasa-kwasai na 'yan ƙasa, kodayake ta lura ana ba baƙi damar maimaita jarrabawa fiye da mai A-level. To ko a ce shigar na da sauƙi, ina amfaninta ga wanda bai kawo makin zarcewa ba? Kowane digiri da makinsa, a darasin Turanci da kuma darussan fannin. Wanda ya gaza sai a nuna masa wani kwas da bai nema ba, ko wata jami'ar da bai taɓa jin sunanta ba, ko hanyar filin jirgi.

Wani kuma zai ce laifin jami'o'in ne, su suka ɗauki dillalan, su ke kwaɗayin kuɗin baƙi. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ban zo wanke kowa ba. Da yawa daga cikin cibiyoyin nan kamfanoni ne irin su Kaplan da INTO da Study Group da Navitas ke tafiyar da su da sunan jami'a, kuma ɗalibi a wurinsu kuɗin shiga ne. Makarantar da ta karɓi fom tana ganin imel ɗin dillali a gurbin uba ba ta ce uffan ba, ta yi sakaci. Sai dai sanin mai laifi ba ya dawo da filin da aka sayar don biyan kuɗin makaranta. Ranar da abu ya lalace jami'a na nan, dillali na nan, yaron ne ke haɗa kaya.

Akwai kuma masu cewa iyaye ba su san tsarin ba, dole su dogara da wani. Ku dogara, amma ku karanta. Alhaji, kai da ba ka sayen gida sai lauya ya duba takardu, yaya za ka tura sama da fam 15,000 kan maganar baka? Ka nemi a nuna maka a rubuce digirin da kwas ɗin ke kaiwa, da makin da ake bukata, da abin da zai faru idan yaro bai kai ba. Ka rubuta wa jami'ar da kanka. Ka lissafa kuɗin shekara huɗu, ba ta farko kaɗai ba, ka kuma tuna fam ɗin da bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ya doshi 2,000 a farkon 2024, har wasu 'yan Najeriya a jami'ar Teesside suka rasa karatunsu saboda kasa cika kuɗi. Aikin awa 10 ba ya biyan kuɗin makaranta, da ƙyar ya ciyar. Yaron da bai kai 18 ba kuma yana da nasa ƙarin sharuɗɗan.

Sannan ku daina kiran yaro likita tun bai zauna aji ba, domin wannan sunan ne ke rufe masa baki idan ya shiga matsala. Ku tambaye shi aji nawa ya shiga a makon nan, ku ce ya turo muku sakamakon zangon farko ku gani da idonku. Imel ɗin da ke cikin fom ya zama naku, lambar waya ta zama taku. Idan ɗanku yana can yanzu kuma ba ku taɓa samun wasiƙa daga makarantarsa ba, ku rubuta musu yau ku tambayi adireshin wa suke da shi.