Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Za Ka Zama Malamin Kanka

Yawancin abubuwan da muke cewa sun zo mana ba zato, suna da lokacin zuwansu. Damina tana sauka a Kano da Katsina da Maraɗi tsakanin Mayu da Yuni. Sauro yana ƙaruwa da ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Yara suna shiga sabon aji a watan Satumba a Nijeriya, a Nijar kuwa a Oktoba. Hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada idan damina ta yi nisa kafin sabo ya nuna. Babbar Sallah tana zuwa kamar wata 2 da kwana 10 bayan Ƙarama. Kowace shekara kuma Sallah tana matsowa da kamar kwana 11, domin shekarar Musulunci ba ta kai ta Bature tsawo ba.

Kowa ya san wannan. Duk da haka, sai ana jibi Sallah magidanci ya shiga kara neman rago, lokacin da kuɗinsa ya kai ƙarshen tsada. Sai an koro yaro daga makaranta ake tashi neman rance. Sai ruwa ya sauka manomi yake tambayar inda ake sayar da taki. Wani lokaci talauci ne, kuma talauci ba laifi ba ne. Amma sau da yawa abin da ya faru shi ne mutum bai zauna ya yi tunanin abin tun yana nesa ba.

Wani zai ce, ai gobe ta Allah ce. Gaskiya ne. Sai dai mu tuna da labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da ya fassara mafarkin sarkin Masar, ya ba da shawara a yi noma shekara 7, a ajiye hatsi cikin zangarniyarsa, saboda shekara 7 na fari da ke tafe. Annabi ne, ya fi mu dogaro ga Allah, kuma ya yi tanadi.

Abin da ke hannunka

Wani marubuci ɗan Amurka, Stephen Covey, ya wallafa littafi a 1989 a kan halaye 7 na mutanen da aikinsu ke ci gaba. Hali na farko da ya kawo shi ne mutum ya riga matsala motsi. Ya raba damuwar ɗan Adam gida biyu: abin da ke damunka amma ba ka da iko a kansa, da abin da ke damunka kuma kana iya taɓa shi.

Farashin man fetur ba ya hannunka. Ranar saukar ruwa ba ta hannunka. Amma gyaran gona kafin ruwa yana hannunka. Kai takin gida gona da rani yana hannunka. Rataya gidan sauro, da barin ma'aikatan lafiya su ba yaro ɗan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, duk suna hannunka. Ka saurari hirar majalisa da kyau. Za ka ji rabinta ko fiye a kan abin da babu wanda zai iya canzawa a cikin masu zaman. Hira tana da daɗi, amma kada ta cinye ƙarfin da za ka yi aikinka da shi.

Zama da kai

Masu kuɗi a manyan birane sukan biya wani ya riƙa zama da su, yana yi musu tambayoyi har su gane abin da ya kamata su yi. Ba ya ba su jari, ba ya yi musu aikin. Tambaya ce kawai aikinsa. Kai ma kana iya yi wa kanka, kyauta. Malamanmu sun daɗe suna horo da mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi. Idan ka iya rubutu, ka sami abin da zai sa hisabin ya zauna: littafi da biro.

Ka zaɓi lokaci guda a mako, kamar Juma'a bayan la'asar, ko daren da ka dawo daga kasuwa. Minti 15 ya isa. Ka rubuta kwanan wata a saman shafi, ka amsa tambayoyi 4. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, shi ya yaɗa irin wannan tsari a littafinsa na 1992. Me nake so? Ina nake yanzu? Waɗanne hanyoyi ne a gabana? Wanne zan yi, kuma yaushe?

A ce manomin wake ne. Kowace shekara yana sayar da wakensa da kaka, lokacin da kasuwa ta cika, saboda tsoron ƙwari. Bayan wata 5 sai ya ga an ɗaga farashi, ya yi ta cizon yatsa. Ga yadda shafinsa zai kasance.

Me nake so? In ajiye buhu 3 har zuwa bazara. Ka lura, bai rubuta "ina so in yi arziki" ba. Buri irin wannan ba shi da ranar farawa. Ya rubuta abin da za a iya ƙirgawa.

Ina nake yanzu? Ina noma buhu 6. Bashin taki yana cin 2. Gida yana cin 1. A nan ne ake bukatar gaskiya, domin babu wanda zai karanta littafin sai kai. Idan shan shayi da katin waya suna cin Naira 500 kullum, ka rubuta. A wata ɗaya Naira 15,000 ke nan. Mutane da yawa ba su taɓa haɗa wannan lissafi ba sai ranar da suka gan shi a takarda.

Waɗanne hanyoyi ne a gabana? Kada ka tsaya a hanya ɗaya, ka nemi 3 aƙalla. Zai iya zuba waken a duro mai murfi da ba ya shigar da iska. Zai iya sa magani, amma maganin da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba yana cutar da masu ci. Zai iya sayen buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Buhu ne mai leda 2 a ciki da buhun saƙa a waje. Ana shanya wake ya bushe sarai, a duba leda babu huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwari suna rasa iska su mutu, ba tare da magani ba.

Wanne zan yi, kuma yaushe? Wannan tambaya ita ce mutane suka fi tsallakewa, kuma ita ce mai aikin. "Zan sayi buhu in Allah ya yarda" bai cika ba. Ka ce in Allah ya yarda, sannan ka ƙara rana da wuri: "Ranar kasuwa mai zuwa, da na sayar da kaji 2, zan wuce shagon kayan noma in sayi buhu 3 kafin in sayi komai." Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a bincikensa cewa mutumin da ya ɗaura niyyarsa a kan lokaci da wuri ya fi cika ta a kan wanda ya bar ta sake.

Mai ƙosai ma haka za ta yi da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Idan ana biyan Naira 12,000 a Satumba, ta fara a Maris, Naira 2,000 ke nan a wata. Tana iya shiga adashi, ta roƙi uwar adashi tun farko a ba ta kwasar Agusta.

Idan mako ya zagayo, ka fara da duba shafin baya. Abin da ka yi, ka sa masa alama. Abin da ba ka yi ba, kada ka zagi kanka, kada kuma ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi. Ka tambayi kanka me ya hana. Wataƙila aikin ya yi girma, sai ka raba shi biyu. Wataƙila kana bukatar wani, sai ka rubuta sunansa da ranar da za ka same shi: malamin gona, ko ma'aikaciyar asibiti, ko dattijon da ya riga ka a sana'a. Yana da kyau ka faɗa wa mutum ɗaya mai amana abin da ka ƙudurta, matarka ko mijinki ko abokin karatu, domin kunyar tambayarsa takan tayar da mutum ranar da kasala ta zo.

Kada rashin kyan rubutu ya hana ka. Kalma 3 ko 4 sun isa amsa. Wanda ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami.

Aikin wannan mako: ka buɗe sabon shafi, ka jera watanni 12 daga sama zuwa ƙasa. A gaban kowane wata ka rubuta hidimar da ka san tana zuwa, da kuɗin da ta ci bara. Ka zaɓi wadda ta fi kusa, ka yi mata tambayoyin nan 4.