Gobe da Safe, Ki Gwada R a Tagar Umarni

Ƙanwata, idan a RStudio kika saba aiki, baƙar tagar nan ta umarni za ta ɗan ba ki tsoro da farko. Kwantar da hankalinki. R ɗin da kika sani ne zai amsa miki a can, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara ginawa a Jami'ar Auckland farkon shekarun 1990. Abin da nake so ki samu shi ne ki ga lissafin bincikenki yana tafiya da ƙafarsa daga farko har ƙarshe, ba sai kin riƙe masa hannu ba.

1. Buɗe Command Prompt idan Windows gare ki, Terminal idan Mac ko Linux ne. Rubuta `Rscript --version`. Idan lamba ta fito, kin shiga.

2. Idan aka ce ba a san umarnin ba, R lafiyarsa ƙalau, Windows ce ba ta san inda yake ba. Nemo foldar `bin` a cikin foldar R da ke Program Files, ki sa adireshinta a PATH, ki rufe tagar ki sake buɗewa. A PowerShell kuwa, kada ki rubuta `R` kaɗai, maimaita miki umarnin baya zai yi. `R.exe` za ki rubuta.

3. Da `cd` ki shiga foldar aikinki, sannan `Rscript bincike.R`, idan `bincike.R` ne sunan fayil ɗin lissafinki.

4. Nan ne gaskiya take fitowa. Da wuya karon farko ya wuce ba kuskure. Dalili kuwa, Rscript hannu rabbana yake farawa. Teburin bayanan da kika loda tun makon jiya, yake zaune a RStudio, bai san da shi ba. Ƙunshin da kika kira da hannu ba ki rubuta ba, shi ma haka. Kada ranki ya ɓaci idan kin ga `object not found`. Gara ke ki gano gibin yau, da malamin da ke duba aikinki ya gano shi a kwamfutarsa. Ki sa duk `library` a saman fayil, `read.csv` ya biyo, ki sake gwadawa har ya wuce sumul.

5. Zane ba zai fito a allo ba. Duba foldar, yana cikin `Rplots.pdf`. Sakamakon rubutu kuma ki adana shi haka: `Rscript bincike.R > sakamako.txt`.

6. Za ki sauke ƙunshi daga CRAN? Faɗa masa inda zai ɗauko, in ba haka ba zai tsaya: `repos = "https://cloud.r-project.org"` a cikin `install.packages`.

7. Idan duk wata sabbin bayanai ake kawo miki, daina gyara sunan fayil da hannu. Sa `commandArgs(trailingOnly = TRUE)` ya karɓi sunan, ke kuma ki rubuta `Rscript bincike.R mayu.csv`. Wata mai zuwa, sunan kawai za ki canza zuwa `yuni.csv`.