Na'urar Haɗa Kofin Esfireso a Gida: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya Kuɗi

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon nan ba: an danna garin kofi a cikin wani ɗan ludayin ƙarfe, an maƙala shi jikin na'ura, sai ga kofi mai kauri yana tsiyayowa kamar zuma, da kumfa ruwan ƙasa a samansa. Wannan shi ne esfireso, kofin Italiyawa, kuma daga gare shi ake haɗa kafucino da late idan an ƙara madara. Matasa da yawa sun fara sha'awar mallakar na'urar a gida, ga su nan kuma birjik a shagunan intanet, daga mai araha har zuwa wadda kuɗinta ya fi na sabuwar iPhone. Matsalar ita ce a hoto duk kusan kamarsu ɗaya, alhali wasu ba sa ma iya yin esfireso, wasu kuma wutar gidan mai sayen ba za ta ɗauke su ba.

Abu na farko da za a kawar shi ne batun Nescafé da ire-irensa na gwangwani ko na leda, irin wanda mai shayi ke kaɗawa. Wannan kofi ne da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwansa ya zama gari mai narkewa. Idan aka zuba shi a na'urar esfireso narkewa kawai zai yi ya wuce. Na'urar tana buƙatar 'ya'yan kofi gasassu da aka niƙa. Wanda ba shi da inda zai riƙa samun su a kai a kai, ya fara warware wannan tukuna.

Matsi, da lambar da ake rubutawa a kwali

Abin da ya bambanta esfireso da sauran kofi shi ne matsi. Ana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin kofi mai laushi da aka danne, da ƙarfin da ya kai kimanin bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iskar da ba ta wuce bar biyu da rabi ba, ke nan wannan ya kusa ninka ta sau huɗu. A kan ludayi mai faɗin milimita 58, nauyin da ruwan ke ɗora wa garin ya kai kusan kilo 240, wato kaɗan ya rage ya kai buhunan siminti biyar. Wannan matsin ne ke fitar da man da ke cikin kofin ya haɗu da iskar da ta maƙale a ciki lokacin gashi, su ba da kumfar.

Na'urorin farko ba su kai haka ba. Wadda Angelo Moriondo ya yi wa rajista a Turin a 1884, da wadda Luigi Bezzera ya yi wa rajista a Milan a 1901, duk da tururi suke aiki, matsinsu kuma bai wuce bar ɗaya zuwa biyu ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da mai hannun da ake ja, wanda ke matse ruwan da ƙarfin sifirin, daga nan kumfar ta zama alamar esfireso. A 1961 kamfanin Faema ya fitar da samfurin E61 mai famfon lantarki da ke riƙe bar 9, kuma har yau wannan lamba ita ce ma'auni.

To me ya sa kwalayen ke cewa bar 15, wasu ma bar 20? Wannan lambar ita ce iyakar ƙarfin famfon idan an toshe masa hanya gaba ɗaya. Na'ura mai kyau tana da wani bawul da ke sauke matsin zuwa abin da ake buƙata. Mai bar 20 ba ta fi mai bar 15 ba, kamar yadda waya mai kyamarar megafiksel 108 ba lallai ta fi mai 12 ɗaukar hoto mai kyau ba. Lambar da ya kamata a guje wa ita ce ta ƙasa: akwai na'urori masu arha da aka rubuta musu bar 3.5, masu murfin da ake murɗawa a sama. Waɗannan ba su da famfo, tururi ne kawai ke tura ruwan, ruwan kuma ya yi zafi fiye da kima, sai kofin ya fito da ɗaci da ƙauri.

Wace iri ce ta dace da wa

Mafi sauƙin amfani ita ce mai kafso, wadda Nespresso ya fara fitarwa a 1986. A jefa kafso, a danna maɓalli, shi ke nan. Na'urar ba ta da tsada sosai, a kafson ne kamfani ke cin ribarsa, tamkar firinta da tawadarta. Kafson Nespresso Original na ɗauke da wajen giram 5 na kofi, kuma ba kowane kafso ne ke shiga kowace na'ura ba: na Nespresso Original daban, na Vertuo daban, na Dolce Gusto daban. Wanda ya sayi na'urar da babu kafsonta a garinsu, zai koma jiran mai dawowa daga tafiya.

Sai mai yin komai da kanta, irin De'Longhi Magnifica ko na Philips da Jura. A zuba 'ya'yan kofi a sama, ita za ta niƙa, ta danna, ta tsiyayo. Ta dace da gida mai mutane da yawa ko ƙaramin ofis. Tana da tsada, tana da sassa masu motsi da yawa, kuma idan ta lalace samun mai gyaranta aiki ne.

Wadda ake gani a bidiyoyin nan ita ce ta tsakiya, mai ludayi. Na'urar tana kula da zafi da matsi, mutum yana kula da niƙa da awo da dannawa. Ita ce ta fi ba da kofi mai daɗi idan an iya, ita ce kuma ta fi ba da haushi a makon farko. A nan ne ya kamata a san yadda take dafa ruwanta. Wasu, kamar De'Longhi Dedica da Breville Bambino, suna bi da ruwan ta cikin wani siririn bututu mai zafi, sai ya ɗumama yana tafiya. Cikin ƙasa da minti ɗaya sun shirya, Bambino ma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wasu, kamar Gaggia Classic da Rancilio Silvia, suna da 'yar tukunya guda a ciki. Suna son minti 10 zuwa 20 kafin ƙarfen ya ɗau zafi sosai, kuma mai son kafucino sai ya jira tukunyar ta ƙara zafi bayan kofin kafin ya samu tururin madara. A madadin haka ginin ciki mai sauƙi ne, sassansu suna samuwa, shi ya sa ake ganin waɗanda suka shekara 20 suna aiki. Masu tukunya biyu suna yin kofi da tururi lokaci guda, amma farashinsu ya wuce na mai farawa.

Idan aka ga haruffan PID a bayanin na'ura, ma'anarsa tana da kwakwalwar lantarki da ke riƙe zafin ruwa a digirin da aka saita. Wannan ya cancanci ƙarin kuɗi. Manhajar waya kuwa, wadda wasu kamfanoni ke tallatawa da Bluetooth ko Wi-Fi, yawanci aikinta kunna na'ura ne daga ɗaki da adana yawan ruwan da mutum ke so. Ba ta ƙara wa kofin komai, kuma dole dai a taso a ajiye kofi a ƙarƙashin bututun.

Faɗin ludayi ma abin dubawa ne. Milimita 58 shi ne na shagunan kofi, shi ya fi samun kayan canji. Dedica tana da 51, ƙananan Breville suna da 54. Madanni ko matatar da aka saya wa ɗaya ba za ta shiga ɗayar ba.

Wutar lantarki

A nan ne kuɗin mutane suka fi ƙonewa. Da yawa daga cikin masu bidiyon da ake kallo a Amurka suke, na'urorinsu kuma na bolt 120 ne. Wutar Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce. Idan aka jona na'urar Amurka kai tsaye, abin dafa ruwanta ko allon lantarkinta zai ƙone nan take. Cajar waya tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, shi ya sa mutane da yawa suka saba jona komai ba tare da dubawa ba, amma na'urar da ke dafa ruwa ba haka take ba. Akwai 'yar takarda a ƙasanta ko a bayanta da ke nuna bolt da wat. A nemi mai sayarwa ya turo hotonta ta WhatsApp kafin a tura kuɗi. Taransifomar rage wuta tana iya ceto, sai dai ana buƙatar mai ɗaukar wat 2,000 ko fiye, mai nauyi ce, kuma ba ta mayar da hez 50 na nan zuwa 60 na Amurka da aka ƙera famfon a kai. Samfurin Ingila ko na Turai ya fi kwanciyar hankali. Na'urorin Breville a can da sunan Sage ake sayar da su.

Sai batun wat. Yawancin na'urorin gida suna jan wat 1,200 zuwa 1,600 lokacin da suke dafa ruwa, daidai da dutsen guga. Ƙaramin janareton nan na caji da fanka ba ya kai wat 1,000, inbata mai kVA ɗaya ma za ta yi ƙara ta kashe kanta. Abin lura shi ne jimillar wutar ba ta da yawa: wat 1,500 na minti biyu wat-awa 50 ne kacal, wanda batirin sola ba zai ji a jikinsa ba. Ƙarfin ɗauka a lokaci guda shi ne matsalar. Saboda haka mai inbatar kVA 2.5 ko sama zai fi jin daɗin na'ura mai saurin zafi a kan mai tukunya da za ta zauna a kunne na minti 20.

Wanda wutarsu ba ta da tabbas kwata-kwata yana da mafita mai kyau: na'urorin hannu irin Flair, Cafelat Robot ko Wacaco Picopresso. A tafasa ruwa a kan gas, a zuba, a danna da hannu. Suna kai bar 9 na gaske, babu abin da zai ƙone a cikinsu. Ba sa dai yin tururin madara. Butar Bialetti Moka ta 1933 da ake ɗorawa a kan wuta ta fi su araha nesa ba kusa ba. Matsinta bai wuce bar biyu ba, don haka ba esfireso take bayarwa ba, amma kofinta mai ƙarfi ne kuma yana daɗi da madara.

Injin niƙa

Mutane kan kashe kuɗin duka a kan na'ura su manta da injin niƙa, alhali shi ke yanke hukuncin ɗanɗano. Bilendar kicin ko ɗan injin mai wuƙa da ke juyawa suna farfasa 'ya'yan ne kawai, wasu su zama ƙura wasu su zauna tsaki-tsaki, ruwa kuma ya bi ta inda ya fi sauƙi. Ana buƙatar mai haƙora biyu da ke murƙushe kofin a tsakaninsu, wanda ake iya matso da su ko nesanta su kaɗan-kaɗan. Na hannu masu kyau, irin na 1Zpresso, suna yin aikin ba tare da wuta ba. Na'ura matsakaiciya da injin niƙa mai kyau ta fi na'ura mai tsada da garin kanti.

Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa na'urori masu araha ke zuwa da matata mai ɓawo biyu da ƙaramin rami ɗaya a ƙasa. Ramin ne ke riƙe matsin a maimakon garin, sai a samu kumfa ko da kofin kanti da aka riga aka niƙa. Ta isa a fara da ita. Mai son ya ci gaba zai koma matata mai ramuka da yawa, a nan kuma wayarsa za ta yi amfani: a auna giram 18 na gari a ɗan sikeli, a kunna agogon daƙiƙa na waya, a tsayar idan ruwan kofin ya kai giram 36. Idan ya zubo cikin daƙiƙa 15 kuma yana da tsami, a ƙara laushin niƙa. Idan ya wuce daƙiƙa 40 yana ɗiga da ɗaci, a rage. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji.

Ruwa da na hannu

Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana da sinadarin alli, wanda ke daskarewa a cikin bututun na'ura har ya toshe su. Gwajin ba shi da wahala: a leƙa gindin butar dafa ruwa ta gidan. Idan akwai farin ɓawo a ciki, haka cikin na'urar zai zama. Sai a yi amfani da tataccen ruwa, a kuma riƙa wanke cikinta da maganin da kamfanin ya ambata. Kamfanoni da dama suna hana amfani da binega.

Mai sayen ta hannu, irin kayan beljiyam, ya sa a kunna ta a gabansa da ruwa a ciki. Ya duba ko ruwa na fita da ƙarfi, ko yana yoyo ta gefen ludayin, ko tururi na fitowa. Yoyon gefe yawanci robar da ke rufe bakin ce ta bushe, kuma canza ta ba tsada. Ruwa a ƙarƙashin na'urar kuwa yana iya nufin tukunyar ta tsage. Ya kuma tabbatar ludayin da tankin ruwan suna nan, domin sau da yawa su ne suke ɓacewa a hanya, kuma neman ludayin wani samfurin shi kaɗai na iya ɗaukar watanni.