Tawali'u da Matsayi a Koyarwar Kirista: Nazari daga Dutsin-Ma da Kurfi

Kalmar "tawali'u" aro ce daga Larabci, kuma harafin "dad" ne ya rikiɗe ya koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a "alƙali" da "lalura". Tun kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmar ta daɗe a bakin malaman zaure. Saboda haka Kiristan Bahaushe ya gaje ta ne tare da ma'anar da al'umma ta riga ta ɗora mata.

Dutsin-Ma da Kurfi gundumomi ne na Masarautar Katsina, ta farko ƙarƙashin 'Yanɗaka, ta biyu ƙarƙashin Maraɗi. A irin wannan ƙasa, ladabi daga ƙasa yake tafiya zuwa sama. Talaka ne ke cire takalmi, shi ke durƙusawa, shi ke cewa "ranka ya daɗe". M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1959 kan tsarin matsayi a ƙasar Hausa, ya nuna cewa sana'a ma tana da tsani: masu sarauta da malamai da attajirai a sama, mahauta da maroƙa a ƙasa, sannan mai sana'ar gado ya fi ɗan shigege daraja. Bamaguje kuwa, wanda daga cikin danginsa ne Kiristocin Hausawa da dama na karkarar Katsina suka fito, yana can gefen tsanin.

Koyarwar Sabon Alkawari ta juya wannan alƙibla. A Yohanna sura ta 13, Yesu ne ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har Bitrus ya ƙi da farko. Ƙin nan na Bitrus ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin almajirin da ya bar malaminsa ya zuba masa ruwa a ƙafa, marar kunya za a kira shi. Ke nan nassin yana neman tawali'u ne daga babba, wanda al'ada ta ɗauke wa wannan nauyi. Luka 14 ta gargaɗi mai rige-rigen mazaunin gaba a wurin biki. Wasiƙar Yaƙub sura ta 2 ta fi tsanani, domin ikilisiya ta zarga da kanta, idan ta ba mai zoben zinariya kujera ta bar matalauci a tsaye.

Zargin Yaƙub ne ya fi shafar yankin a yau. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya tara malamai da ma'aikata daga sassan Nijeriya, kuma Kiristocin cikinsu suna ibada a gari ɗaya da manoma da 'yan ƙwadago. An sami sabon tsani, na digiri da albashi da Turanci. Wa za a zaɓa dattijon ikilisiya? Sunan wa za a ambata ranar baikon godiya, na mai buhun dawa ko na mai tiya guda?

Akwai kuma wani haɗari a wa'azin kansa. Idan mai wa'azi ya fassara tawali'u da haƙuri da biyayya kawai, to ya ƙara wa talaka abin da yake ɗauke da shi tun asali, mai kujerar gaba kuwa ya tashi babu abin da aka nema daga gare shi.