DARASIN LAMBU: SA'AD DA HUNTURU YA YI SAMMAKO

Darasinmu na wannan wata a kan ɗan lambun bayan ɗaki yake. Gidaje da yawa a nan Chikaji da Sabon Gari da Samaru suna da shi: kunya uku ko huɗu na kuɓewa, da alayyafo, da 'yan gindin barkono kusa da rijiya. A ido ƙaramin abu ne, amma uwargida ta san darajarsa, gama ranar da ya mutu, a ranar kuɗin cefane yake ƙaruwa. Ga gwauruwa mai 'ya'ya, ko tsoho mai jiran fansho, wannan ƙari ba wasa ba ne.

Ni kaina da hasara na koyi darasin nan. Wata shekara na shuka kuɓewa a ƙarshen Satumba, ina lissafi cewa da sauran laima da zafin kaka za ta kai ga haihuwa kafin sanyi. Sai ruwa ya ɗauke da wuri. Oktoba bai ƙare ba muka tashi da safe muka ga hazo, leɓe ya fara tsagewa. Kuɓewar ta tsaya ba ta kai gwiwa ba, ta yi fure tana ƙarama, kowace ta ba da 'ya'ya biyu ko uku gajeru masu tauri, ganyen kuwa ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga, ta ce, "Fasto, ɗana, ai abin damina ka shuka a bakin ɗari." Na shiga nata lambun, na tarar ta kewaye shi da kara, irin albasarta kuma har ya tsiro. Sanyi ɗaya ne ya same mu, amma ita ta ci miya, mu muka saya a kasuwar Sabon Gari har bazara.

1. Daga ina sanyin nan yake zuwa?

Iska biyu ke mulkin shekararmu. Ta ɗaya tana fitowa daga teku, ta kudu maso yamma, ita ce mai kawo ruwa. A ƙasar Zariya takan riƙe mu daga Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwan shekara kuwa yakan kai kamar milimita 1,000 ko ya ɗara kaɗan. Ta biyu tana fitowa daga hamada, ta arewa maso gabas, busasshiya ce ƙwarai. Ita ce hunturu. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele, a ƙasar Cadi, inda a zamanin dā akwai babban tafki da ya ƙafe. Sa'ad da iskar teku ta ja da baya zuwa kudu, iskar hamada ta bi sawunta. Bisa ga al'ada wannan yakan kankama cikin Nuwamba. Amma in iskar teku ta janye da wuri, ɗaukewar ruwa da shigowar bushewa sukan zo kusa da juna. Manoma ba su manta da shekarar 2007 ba, da ruwa ya ɗauke a wurare da yawa na Arewa tun cikin Satumba, hatsi mai yawa bai cika ido ba.

Me ya sa dare yake yin sanyi haka, alhali da rana akwai zafi? Da damina gajimare da laimar iska suna rufe ƙasa kamar bargo, zafin da ta sha da rana ba ya fita da sauri. Da hunturu an yaye bargon. Rana na faɗuwa, zafin ƙasa ya tashi sama ya tafi. Zariya kuma tana kan tudu, sama da mita 600 bisa teku. Domin haka a Disamba da Janairu, lokacin jaura, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 13 ko 14 da asuba, wani dare ma ƙasa da haka, da rana kuwa ya hau kusan 30. Iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarawa kamar ruwa ta kwanta a kwari. Shi ya sa mai lambu a bakin Kubanni ko a fadamar Galma yake jin sanyin asuba fiye da wanda yake kan tudu.

2. Abin da hunturu yake yi wa shuka

Sanyinmu ba ya kai ruwa ya daskare, kamar yadda yake yi a Ingila, inda dare ɗaya yakan ƙone lambu duka. Namu a hankali yake aikinsa, ta hanyoyi huɗu.

Ta fari, iska. Ganye yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Busasshiyar iska mai gudu tana zuƙe ruwan nan fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Sai bakin ganye ya ƙone, ƙaramar shuka ta yi yaushi ko da an ba ta ruwa jiya. Sau da yawa abin da muke cewa sanyi ya kashe, ƙishirwa ce ta kashe shi.

Ta biyu, sanyin dare. Irin kuɓewa yana son ƙasa mai ɗumi, digiri 20 ko fiye. A ƙasa mai sanyi yakan daɗe bai tsiro ba, wani ma ya ruɓe. Barkono da attarugu da tattasai sukan zubar da fure in dare ya yi sanyi da yawa. Ko tumatir, da yake son sanyin rani, in dare ya sauka ƙasa da digiri 13 a jere, garin furensa ba ya kamawa sosai, 'ya'ya su ragu.

Ta uku, gajartar yini. A Zariya hasken yini a Yuni ya kai kusan awa 12 da minti 45, a Disamba kuwa kamar awa 11 da rabi. Bambancin kaɗan ne a gare mu, amma yakuwa da rama da irin kuɓewarmu ta gida da yawa suna lura da shi. Yini na gajarta, su bar girma su shiga fure. Abin da ya sami kuɓewata ke nan. Ruwa da taki ba sa canja wannan.

Ta huɗu, ƙura da ƙwari. Ƙura tana kwanciya a ganye ta tare masa haske. Farin garin nan da na gani a ganyen kuɓewa wata cuta ce irin ta funfuna, mai son busasshen yini da dare mai sanyi. Darɓa kuma takan taru a ƙarƙashin ganyen kabeji a wannan lokaci.

3. Masu gudun sanyi da masu sonsa

Masu gudunsa su ne kuɓewa, alayyafo, lalo, yakuwa, masara, kabewa, kankana da kokwamba. Waɗannan sukan tsaya cik, ko su yi ta jan ƙafa har zafi ya dawo cikin Fabrairu ko Maris. Zogale yakan zubar da ganye, ayaba ta yayyage, amma ba su mutu ba, kada a sare su.

Masu sonsa su ne albasa, tafarnuwa, latas, kabeji, karas, da tumatir in sanyin bai wuce kima ba. Alkama ma ba ta yi a ƙasarmu sai da hunturu. Ashe sanyin da ya yi sammako ya rage wa lambun damina kwana, ya kuma ƙara wa lambun rani. Mai hankali sai ya duba wace ƙofa ce ta buɗe.

4. Abin da za a yi

(a) Ka yi shinge tun kafin iska ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kafa darni na karan dawa ko zana ta wajen gabas da arewa. Shinge yakan rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsawonsa sau takwas ko goma, watau zana mai tsawon mita 2 ta ishi lambun gida. Shinge mai 'yan kafofi ya fi katanga, gama iskar da ta bugi katanga takan tsallaka ta faɗo da ƙarfi a bayanta. Kada ka tare kudu da yamma da abu mai tsawo, domin shuka tana bukatar rana.

(b) Ka bar kunya ka koma fangali. Kunya domin damina ce, don ruwa ya gudu. Da rani ana so ruwa ya zauna. Ka yi fangali mai faɗin mita 1, tsawon mita 3, ya ɗan nutse ƙasa da hanya. Ka cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki na shanu ko awaki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai an bar shi ya kwanta.

(c) Ka ba da ruwa da hantsi, ka ba da isasshe. Da hunturu kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo tana rasa kamar lita 5 ko 6 a yini. Fangalin da muka faɗa, in shuka ta rufe shi, zai sha kamar bokiti biyu na lita 8 ko 9. Yayyafi sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a sama, inda ƙasa take saurin bushewa. Ƙasa mai laima kuma tana riƙe zafin rana ta kai shi dare, fiye da busasshiya. Ka gwada da yatsa: in ka nutsa gaɓa biyu ka ji laima, ka bari sai gobe. Sau ɗaya ko biyu a mako ka wanke ƙurar ganye da safe, domin ya bushe kafin dare.

(d) Ka rufe ƙasa. Busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, kaurin yatsu biyu ko uku, za su rage maka ɗiban ruwa ƙwarai. Ka bar tazara kaɗan daga gindin shuka saboda gara. Amma ka lura: rufi mai kauri yana hana rana ɗumama ƙasa. Inda ka zuba iri bai tsiro ba tukuna, ka rufe da tsohon buhu da yamma, ka yaye da hantsi.

(e) Ka yi renon iri da wuri. Tumatir da kabeji da latas sukan yi mako huɗu ko biyar a wurin reno, albasa mako shida zuwa takwas. Wanda ya zuba iri a Oktoba zai dasa cikin Nuwamba ko farkon Disamba, ya girbe kafin zafi. Wanda ya makara, tumatirinsa zai yi fure a Maris da Afrilu, sa'ad da zafi yake zubar da fure, ƙwari kuma suke yawaita. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa cikin watan Mayu. Ka yi dashe da yamma, ka kafa wa kowace ɗan ganye ko kara ya yi mata inuwa kwana uku.

(f) Ka duba bayan ganye kowane mako. In ka ga darɓa, ka daka ƙwallon dogon yaro, ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma. Ganyen da farin gari ya cinye, ka tsinke ka kai nesa da lambu.

5. In sanyi ya riga ya same ka

Kada ka ɓata ruwan rijiya a kan abin da ba zai tashi ba. Kuɓewar da ta yi fure tana ƙarama, ka tsinke abin da ta ba ka, ka yanka ka shanya domin miyar busasshiya, ka bar biyu ko uku mafi kyau su ƙosa domin iri, sauran ka tuge. Yakuwa da rama, ka tsinke ganyen ka shanya a inuwa. Barkono kuwa kada ka tuge shi. Ka rufe gindinsa, ka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, zai sāke toho da fure in ɗumi ya dawo. Inda ka tuge, ka sa latas ko karas ko albasa mai lawashi. Latas yakan isa ci cikin mako shida ko bakwai bayan dashe. Ruwan wanka da na wanke-wanke a ba ayaba da zogale, kada a zuba wa ganyen da za a ci ɗanye.

Mu da muke nan ba mu da hujjar zama cikin rashin sani. Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, a 1962 kuma wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman gona suna kusa da mu, a tambaye su wane iri ya dace da rani. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa kuma tana ba da sanarwa a farkon kowace shekara game da lokacin da ake zaton ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke. Hasashe ne, yana iya kuskurewa, amma ya fi lissafin da na yi da ka a shekarar kuɓewata.

Abu na ƙarshe. Fangalin reno ɗaya yana ba da dashe fiye da abin da gida ɗaya zai iya shukawa. Tsohuwar nan da ta yi mini dariya, ita ce ta aiko jikanta da dashen albasa cike da kwano, shi ne abin da muka ci daga lambunmu a wannan rani. In naka ya yi yawa, ka tuna da wanda nasa ya ƙone.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa daren hunturu ya fi daren damina sanyi?
2. Faɗi hanyoyi huɗu da hunturu yake wahalar da shuka. Wacce ce taki da ruwa ba sa magancewa?
3. Ta wane gefe za ka kafa shinge a gidanka, da me kuma za ka yi shi?
4. Fangali nawa rijiyarka za ta iya shayarwa har Maris? Ka yi lissafi da bokiti.
5. Wane ne a unguwarku za ka kai wa dashe bana?