Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Ƙudurin Sabuwar Shekara Ga Iyayen Da Ke Fita Aiki

Idan shekara ta zo ƙarshe, ko ta Miladiyya ce ko ta Hijira, zuciya kan cika da alwashi. Wannan ta ce bana sai ta sauke Alƙur'ani sau uku, ta koma karatu, ta daina yi wa yara tsawa. Wancan ya ce zai sayi fili, ya rage teɓa, ya riƙa zaga dangi duk Juma'a. Duka alheri ne. Sai dai Janairu da kayansa yake zuwa: kuɗin makaranta na zango na biyu, hazo da sanyin da ke kwantar da ƙananan yara da mura da tari, ga albashin Disamba an biya da wuri an kuma cinye da wuri. Kafin wata ya raba, an manta inda aka ajiye takardar alwashin.

Na yi shekaru ina fita aiki da goyo a baya, wasu biyu kuma suna biye da ni da jakunkunan makaranta, kuma na ga yadda rushewar alwashi ke karya zuciyar iyaye, musamman mata, har su fara zargin kansu da lalaci. Macen da ta tashi kafin kiran Assalatu, ta dafa, ta shirya yara, ta tsaya jiran a daidaita sahu, ta wuni a ofis ko aji ko asibiti, ta dawo ta ɗora sanwa, ba a kiranta raguwa. An dai yanka mata riga da awon wanda ba ya ɗauke da nauyin kowa. Shawarwarin nan na gyara awon ne.

1. Ku auna yininku kafin ku yi wa kanku alkawari.

Kwana uku a jere, ku riƙa duba agogo kuna rubuta abin da kuka yi tun daga Asuba har kwanciya. Barci awa bakwai, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da likitoci ke so babba ya samu. Aiki awa takwas. Hanya kuwa, ga mai ratsa cunkoson Kano ko mai fitowa daga Mararaba ko Zuba zuwa cikin Abuja, awa biyu ce ko fiye. Saura bakwai ke nan, kuma a cikinsu za a yi salla, girki, wanki, kai yara Islamiyya, duba aikin makaranta, da taryar baƙon da bai yi sallama ta waya ba. Da na yi nawa lissafin, rabin awa ce ta rage mini. Ita ce jarina, kuma a kanta na gina komai.

Kada ku auna da makon da komai ya tafi daidai. Ku ɗauko makon da yaro ya kwana da zazzaɓi, babu wuta, famfo ya ƙafe, ga aiki ya taru a ofis. Ƙudurin da zai iya rayuwa a irin wannan makon, shi za ku riƙe.

2. Ku fara da guda ɗaya.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Ku zaɓi ɗaya, sauran ku rubuta su a bayan takardar su jira. Idan na farko ya zauna, sai a ɗauko na biyu. A ganina biyu sun ishi shekara: ɗaya na kanku, ɗaya na gida.

3. Ku jingina shi da abin da ba ya tashi.

"Zan ƙara ibada" fata ne. "Zan karanta shafi biyu bayan sallar Asuba, kafin in tashi daga kan darduma" aiki ne, domin yana da lokaci, yana da wuri, yana da iyaka. Musulmi yana da turaku biyar a yini waɗanda ba sa gushewa, kuma babu abin da ya fi su dacewa a ɗaure sabuwar ɗabi'a. Ga Kirista, addu'ar safe ta iyali ko dawowa daga majami'a ranar Lahadi za ta yi wannan aikin.

Ku duba lissafin. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Shafi biyu a rana, kwana 302 ke nan, wato akwai rarar kwana 63 a shekara domin ciwo da tafiya da uzuri, watan azumi kuma ya cike giɓin da ya rage. Shafi biyu ba zai ci minti goma ba. Wadda ta yi alwashin sauka uku ta tsaya a Baƙara, da ta ɗauki wannan da ta kai Nasi.

Haka motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsi irin tafiya da sauri, wato rabin awa sau biyar, kuma ba dole a yi shi a dunƙule ba. Ku sauka daga abin hawa tun da sauran tafiyar minti goma. Ku taka da ƙafa ku ɗauko yara daga Islamiyya. Maigida ya tafi masallacin Isha'i da ke ɗan nesa, ya bar babur a gida. Babu kuɗin rajista, babu sayen takalmi na musamman.

Sai haƙuri. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, suka fitar a 2009, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki. Wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuwa lissafinsu ya kai 254. Saboda haka idan a mako na uku har yanzu kuna jin nauyin abin, ba wata alamar gazawa ba ce, lokacinsa ne bai yi ba.

4. Ƙudurin kuɗi, a kan kalanda ake yinsa.

A nan na fi so mu daɗe, domin yawancin tashin hankalin gida daga nan yake tasowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka tashi, kuma ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kowa ya san inda wannan kuɗin ke tsayawa a kasuwa. Wanda ya ce wa ma'aikaci mai 'ya'ya huɗu ya tara rabin albashinsa, bai san gidan ba.

Abin da zai yiwu shi ne a daina barin sanannun buƙatu suna zuwa kamar ba-zata. Ku ɗauko kalanda, ku yi da'ira a kan abubuwan da kuka tabbata suna tafe: kuɗin makaranta sau uku, a Janairu, da wajajen Afrilu ko Mayu, da Satumba wanda ya fi nauyi saboda sababbin littattafai da kayan makaranta, watan biyan haya, kayan azumi, ɗinkin ƙaramar Salla, ragon layya, da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawaita. Ku haɗa jimilla, ku raba gida goma sha biyu. A misali, idan kuɗin zangon yaro naira 45,000 ne, a shekara 135,000 ke nan, wato 11,250 a wata. Cire wannan ranar da albashi ya shigo ya fi sauƙi a kan neman rancen 45,000 ana gobe komawa makaranta.

Idan kuna zubin adashi, ku nemi kwasarku ta faɗo a watan da kuka fi matsuwa, ku faɗa wa uwar adashi tun ranar da za a tsara layi. Mai sana'ar da kuɗi ke shigo masa kullum, asusu ya fi masa: naira 500 a rana, a shekara 182,500 ce. Da yake kuɗi na rage daraja idan ya daɗe a ajiye, wasu gidaje kan juya shi ya koma hatsi da kaka, lokacin da masara da gero da wake galibi suka fi araha. Idan za ku yi haka, ku nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba magani ba.

Sai anko. Na san magana ce mai zafi, domin zumunci ne, kuma wadda ba ta yi wa wasu ba tana tsoron ranar nata bikin. Amma na ga gidajen da aka kori yaro saboda kuɗin makaranta alhali akwai atamfa shida a akwati da aka sa sau ɗaya. Ku yanke tun yanzu: anko nawa za a yi a bana, kuma na wa. Sauran a je da kayan da ake da su, a ba da gudunmawa daidai ƙarfi, a yi addu'ar zaman lafiya. Halartar ita ce zumuncin.

5. Kada ku ƙulla shi ku kaɗai.

Duk minti talatin da uwa za ta ɗauka don kanta, daga wani aikin gida za a ciro shi, kuma sai wani ya riƙe wannan aikin. Saboda haka a zauna a yi magana, a lokacin da kowa ya ci ya huta. Maimakon "ba ka taimaka mini", a faɗi abin da ake buƙata ƙarara: "Abban wane, ina so in koma hadda ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Za ka riƙe mini su?" Shi ma ya faɗi nasa, a ga yadda za a yi musaya. Magidanta kuma, don Allah, kai yaro makaranta ko duba masa lissafi ba alfarma ba ce ake yi wa uwarsa. Ɗanka ne.

A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, ranakun da ba ke ce da girki ba su ne filinki. Wadda kuma take riƙe da yara ita kaɗai, saboda rasuwa ko rabuwa ko maigida yana aiki a wani gari, ta nemi maƙwabciya ko 'yar'uwa su yi karɓa-karɓa: yau ke ki kwaso yaran duka, gobe ni.

Yara su ma a ba su rabonsu, maza da mata. Ɗan shekara shida zai iya haɗa jakarsa da jera takalmansa tun da dare. 'Yar shekara goma da ɗan shekara goma duka za su iya wanke kwanukan da suka ci abinci. Rabin tsawar safe daga neman safa da fensir take fitowa.

6. Game da yara, ku zaɓi abin da za su iya gani.

Babu yaron da zai gane cewa mahaifinsa ya ƙudurta zama uba nagari. Amma zai gane idan kullum bayan Magariba an kife waya, an zauna da shi minti goma. A saurari haddarsa, a tambaye shi wa ya zauna kusa da shi yau a aji, a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko a bar shi ya yi ta zuba ana ji. Mai yara da yawa ya riƙa juyawa, kowa da darensa. Na gwada wannan da ɗiyata ta tsakiya, wadda ba ta da yawan magana, kuma sai a mako na biyu ta faɗa mini cewa ba ta ganin rubutun allo daga inda aka zaunar da ita. Wata guda tana fama, ban sani ba.

Idan za ku ƙara wani abu, to lokacin kwanciya ne. Yaron firamare yana buƙatar barcin awa tara zuwa sha biyu. Wanda za a tayar ƙarfe shida, ya kamata a ce ƙarfe tara ta same shi a shimfiɗa.

7. Ku sa wa lafiyarku rana.

Hawan jini ba ya sallama, mutum kan daɗe da shi bai sani ba. Awonsa minti biyu ne a asibitin unguwa ko wurin mai kemis. Ku zaɓi rana a watan nan, ku rubuta ta, ku je tare. A kicin kuma, gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa babba bai kai giram biyar a yini ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen miya ake lissafawa. A rage kaɗan-kaɗan, harshe zai saba. Mai jariri ta ɗauko katin rigakafi ta duba ko akwai allurar da aka tsallake.

8. Ku shirya wa ranar da abin zai tsinke.

Zai tsinke. Za a yi rasuwa a tafi zaman makoki, za a yi haihuwa, za a tura ku aiki wani gari. Azumi ma yana tafe ya juya tsarin barci da girki gaba ɗaya. A 2025 an ɗauke shi a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, don haka a 'yan shekarun nan ƙudurin Janairu ba ya nisa kafin ya ci karo da sahur. Binciken nan na Landan ya gano cewa tsallake rana guda ba ya rushe ɗabi'ar da ake ginawa. Abin da ke rushe ta shi ne cewa "tunda na ɓata, sai baɗi".

Ku tanadi ƙaramin samfurin ƙudurin domin irin waɗannan ranaku: rabin shafi a madadin biyu, naira 100 a madadin 500, tafiyar minti biyar a tsakar gida. Sannan ku manna takardar a inda ido ke faɗawa, jikin ƙofar kicin ko bayan ƙyauren ɗaki. Ranar da albashi ya shigo, bayan yara sun kwanta, ku ɗauko ta ku biyu ku duba. Abin da ya yi nauyi a rage shi, abin da ya zauna a bar shi yadda yake, a cire kuɗin makaranta a ajiye gefe kafin a fita cefane da safe.