Ƙari a Nono: Wadda Ta Je da Wuri Ke da Zaɓi

'Ya'yana mata na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Idan kina wanka kika ji ƙari mai tauri a nono, ko fatar ta lotsa, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini yana fita, kada ki bari wata ya kama ya mutu kina jiƙe-jiƙe. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ce. Sankarar mama takan fara ne shiru.

Na san maganar da ake yi a ɗakunanmu: wai daji ba ya son ƙarfe. 'Yata, ba wuƙar likita ke yaɗa shi ba. Jinkiri ne ke ba shi damar ratsawa hammata, ya kai ƙashi da huhu.

Da farko likita zai ɗebi ɗan nama a gwada, domin ba kowane ƙari ne daji ba. In an tabbatar, tiyatar iri biyu ce. Idan ƙarin ƙarami ne, akan cire shi tare da ɗan naman da ke kewaye, a bar miki nononki, sannan a bi da gashi na na'ura. Idan ya girma ko ya fito wuri fiye da ɗaya, sai a cire nonon gaba ɗaya, galibi har da kaluluwar hammata. Wani lokaci akan fara da ruwan magani ta jijiya don ƙarin ya motse kafin aiki. Ga wadda aka gano da wuri, hanyoyin biyu daidai suke wajen tsawon rai. Wadda ta makara kuwa, ciwon ne ke zaɓa mata.

Allah Ya sa mu a kan hanya. Daga Kwanar Dangora, mota ɗaya za ta kai ki Kano, inda Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suke, wata ta kai ki Zariya, ki ƙarasa asibitin Shika. Fara da babban asibitin da ke kusa, ki karɓi takardar turawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In kunya ce, nemi ma'aikaciya mace.

Ku kuma mazaje, da izininku da kuɗin motarku ake jira. Matar da aka cire wa nono tana nan matarka, uwar 'ya'yanka. Raka ta, ka zauna ka ji bayanin likita, kada ka sa hannu a ɗauke ta ana tsakiyar magani.

Neman magani ba ya karya tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.